Kwale-kwalen Ƙarfe Huɗu

Jirgin ruwan ya iso tsibirin Unguja da hantsi, fari fat, hawa goma sha biyu, kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan ruwa. Girmansa ya hana shi matsowa gaɓa, sai ya tsaya can inda ruwa ke da zurfi, yana turo baƙinsa a ƙananan kwale-kwale masu inji da rumfa. Tun kafin na farko ya taso Mzee Usi Faki na tsaye a kan gadar sauka, cikin farar jallabiya da hula mai aiki, ga katin masu rakiyar baƙi rataye a wuyansa. Rubutun da ke jikin katin bai dame shi ba, tunda ba karantawa zai yi ba. Hoton dai nasa ne, kuma ya fito da kyau.

Shekararsa saba'in da huɗu. Mu da muka yi zamanin jahazi, lokacin da jirgi katako ne da ƙyalle da iskar Allah, mun san irinmu sun yi ƙaranci, kuma Usi na sahun gaba. Jirgi ya nutse da shi a gaban Lamu, ya yi kwana uku rungume da gangar man kwakwa, kifaye na zuwa suna duba shi suna komawa. Kwalara ta shiga layinsu ta kwashe gida bakwai, ta iso ƙofarsa ta ga ba fuska ta wuce. Ya binne mata biyu da ɗa guda, shi kaɗai ɗin da Allah ya ba shi, gari ya waye ya fita aiki. Bai taɓa zama a aji ba, amma yana da Turancin bakin jirgi, da Larabcin Maskat, da yaren Gujarati daidai na ciniki da zagi. Samarin yanzu masu takardar shaida sun haddace shekarar da aka gina kowane gida a tsohon gari. Usi kuwa ya san wanda ya mutu a cikin gidan, da abin da ya ci kafin ya cika. Kai ka faɗa mini wanne baƙo zai fi so.

Aibinsa guda ne, shi da agogo ba su taɓa shiri ba.

"Baba Usi, zo nan tukuna."

Bi Zuwena ce, mai kamfanin rakiyar, takardu a hannu ɗaya, waya biyu a ɗayan. Ita ce ta yi ta zirga-zirga shekaru huɗu da suka wuce har aka yarda a yi masa jarrabawar katin nan da baki.

"Kwale-kwale na ƙarshe ƙarfe huɗu yake tashi," in ji ta. "Ba huɗu da minti ɗaya ba."

"Na ji, 'yata."

"Haka ka ce wancan makon, aka zauna jiranka kana ba Jamusawa labarin gangarka."

"Su suka tambaya."

"Wancan watan fa?"

"Ruwan sama ne."

"Ruwan saman da bai taɓa sauran masu rakiyar ba." Ta matso kusa, ta sassauta murya. "Masu jirgin sun rubuto mini. Sun ce in aka sake sa su jira, sun daina ba ni baƙi. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci da aikin nan, Baba. Yau in ka yi latti, a nan inda muke tsaye za ka cire katin nan ka miƙo mini. Zan karɓa ina jin kunyarka, amma zan karɓa."

Usi ya shafa katin da babban yatsa. Ba don kuɗin ba ne kaɗai. Tsohon da ba shi da kati dakali ne wurinsa, ya zauna yana kallon ƙafafun mutane, a gaishe shi da tausayi. Ya ga abokansa sun hau dakalin nan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya wuce shekara biyu a kai.

"Ƙarfe huɗu saura kwata za ki gan ni nan ina fifita," ya ce.

Baƙi huɗu aka ba shi. Akwai Bwana Anders, wani dogon tsohon Bature daga ƙasashen sanyi, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar mutane, da matarsa Bibi Inga, gajera mai malafa. Sai wasu tsofaffin malaman makaranta mata biyu daga Durban, ya da ƙanwa, babbar na dogara sanda saboda gwiwa. Usi ya kalli gwiwar nan ya yi lissafinsa, duk inda zai kai mutum a minti goma, yau sai ya ba shi ashirin.

Ya shiga da su lunguna. Ya nuna musu ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla, ya ce su shafa, ƙofa ba ta cizo. Ya kai su tsohuwar ganuwa, ya hana su tsayawa wurin masu sayar da riguna, ya ce duk daga waje ake kawo su. A kasuwar Darajani ya murza kanumfari a tafin hannu ya kai hancin Bibi Inga, ta yi atishawa uku, 'yan kasuwa suka yi ta dariya. Ƙaramar malamar ta tambaye shi shekarar da aka gina wani dogon gida mai baranda.

"Kafin a haife ni," in ji Usi. "Amma mai gidan ya auri mata daga Bombay don ta iya dafa wake, ta zo aka ga ba ta iya ba. Kin ga tagar can da aka toshe? Ta nan ya riƙa zubar da waken."

Ta rubuta a ɗan littafinta. Duk kusurwar da suka karya kuwa sai Usi ya taɓa hannun Anders ya ce, "Bwana, ƙarfe nawa?" Har Baturen ya gane, ya riƙa ɗaga masa agogon tun kafin ya tambaya.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka hau benen Bi Tatu. Tsohuwar ta shekara talatin tana ciyar da baƙin jirgi a saman gidanta, a kan tabarma, iskar teku na shigowa ta kowane gefe. Ta tarye su da buta da tasa, ta zuba wa kowa ruwa ya wanke hannu, ta zo kan Usi ta tsaya.

"Kai kuma fa? An ce yau ranar korarka ce."

"Wa ya ce?"

"Duk Darajani. Har an fara share maka dakali."

"Ki ce su ajiye tsintsiyar, za a share miki kabari da ita kafin ni."

"Tsohon banza. Miƙo hannun."

Aka kawo pilau, shinkafa mai kayan ƙamshi, a babban tire yana tururi, ƙamshin kirfa da masoro ya cika benen. Ga pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, an dafa shi cikin madarar kwakwa har ya yi laushi kamar hanta. Ga gurasar riɗi da zafinta, ga kifin da aka gasa aka kwarara masa miyar tsamiya, ga alayyafo da kwakwa, ga yankakken mangwaro da barkono. Bi Tatu ta ajiye cokula a gefe don mai so. Usi ya naɗe hannun riga ya nuna musu yadda ake dunƙula shinkafa da yatsu a tura da babban yatsa. Malaman Durban suka yi dariya suka ce ai a gida suka baro wannan. Anders ya gwada, rabin lomar ta koma cinyarsa.

"Faɗa masa kada ya damu," in ji Bi Tatu. "Hannun ne ya yi nisa da bakin."

Usi ya fassara, Bibi Inga ta yi dariya har ta cire malafa. Babbar malamar ta ɗanɗana pilau ta rufe ido, ta ce tun rasuwar mahaifiyarsu ba ta ci shinkafar da aka soya kayan ƙamshinta da haƙuri irin wannan ba. Usi ya fassara wa Bi Tatu cewa an ce gishiri ya yi yawa. Ta ce ƙarya yake, ta ga fuskar matar.

Da aka kawo gahawa a ƙananan kofuna da alewar Larabawa, Anders ya ce ya ji an ce jirgi ya taɓa nutsewa da Mzee. Labarin ya taso wa Usi har maƙogwaro. Ya ji gangar a ƙirjinsa, ya ji gishirin a leɓensa. Ya kalli agogon hannun Baturen, ya haɗiye.

"Ya nutse, na fito," ya ce. "Mu tashi."

Bi Tatu ta riƙe baki. "Yau ko ba ka da lafiya?"

Ƙarfe uku da minti goma suka sauko. Daga nan zuwa gada minti ashirin da biyar ne da tafiyar mai sanda. Usi na gaba yana taku kamar mai gari, yana hango fuskar Zuwena in ta gan shi ya riga samarin nan masu takarda.

A lungun Hurumzi ya ji kalmar shahada na tahowa, ƙasa-ƙasa, da sautin takalma. Ya tsaya. Makara ce ta karyo kwana, lulluɓe da koren ƙyalle.

Kowa ya san yadda ake yi a garin nan. Makara in ta shigo layi, ba a tambayar wane ne a ciki. Mai shago ya fito, mai shan gahawa ya ajiye kofi, mai wucewa ya ajiye kayansa, a jeru hagu da dama. Ka sa kafaɗa ka yi 'yan taku, na gabanka ya karɓe ka, ka koma harkarka. A da, a wannan lungun, makara ba ta tafiya a kafaɗa ma, yawo take a saman hannuwa kamar kwale-kwale a kan ruwa, mutum ya yi sa'a in ya samu ya taɓa ta sau biyu.

"Ku hau dakalin nan ku tsaya," ya ce wa baƙinsa. "Yanzun nan."

Ya shiga ta hagu a baya, ya karɓi wani siririn mutum da gumi ya jiƙe. Nauyin ya sauka a kafaɗarsa. Taku goma, taku ashirin. Ya ɗaga ido ya ga wanda zai karɓe shi, sai a lokacin ya ƙirga. Mutum biyar ne suka taho da gawar. Biyar kacal, da kayan masunta a jikinsu, ƙafafunsu da farin gishiri. Wanda Usi ya karɓa tuni ya zagaya ya karɓi wani a gaba.

Ya duba ƙofofin layin. Gidan su Shehe Burhani ya zama otal. Na kusa da shi otal. Na gaba shagon zane-zane ne, masu tsaronsa baƙi ne daga ƙetaren ruwa, sun miƙe tsaye sun kama hannu a ƙirji don girmamawa, amma ba su san ana shiga ba. A wata baranda wasu masu jan fata sun ɗaga waya, sai kuma suka sauke. Usi ya shekara huɗu yana wucewa ta nan yana nuna wa mutane ƙofofi, bai taɓa lura ba cewa babu sauran mai fitowa daga cikinsu.

Makarar kuma unguwar Malindi ta nufa, gada tana bayansu.

Wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya san mai kira. In ya zame yanzu, ba wanda zai ce masa komai, ya yi takunsa, ya sauke abin da ke kansa. Sai dai kusurwar nan tasa za ta koma kan mutanen da tun daga bakin ruwa suke ɗauke, ga na gabansa ta dama tsoho ne, ƙafafunsa na rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Usi ba shi da ɗa, ba shi da ƙane. Duk shekarun nan bai taɓa damuwa da wanda zai ɗauke shi ba, don ya san layi zai fito. Ya gyara kafaɗa, ya bar wayar ta yi ta yi.

Tsohon na dama ya yi tuntuɓe, makarar ta karkata. Kafin wani ya zagayo, wata doguwar inuwa ta wuce Usi. Bwana Anders ne, ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya sa hannu ya tallabe itacen. Ashe baƙin ba su zauna a dakali ba, sun biyo baya, don in suka rabu da Usi a lungunan nan sai gobe.

Ɗaya daga cikin masuntan ya kalli Baturen, ya kalli babbansu, wani baƙin ƙaƙƙarfa mai furfura a gemu da ake kira Vuai.

"Wannan fa?"

"Kana da wani?" in ji Vuai. "Bar shi."

Sai ga wata matsala. Anders ya fi kowa tsawo da kusan kamu biyu, da ya sa kafaɗa sai makarar ta tashi ta gefensa, nauyin ya gangaro kan Usi.

"Bwana, rage tsawo," Usi ya ce ta cikin haƙora.

Baturen ya lanƙwasa gwiwoyi. Haka ya yi tafiyar nan duka a durƙushe-durƙushe, kamar mai shiga kogo, fuskarsa ta yi jawur. Da shi suka zama bakwai, huɗu na ɗauke, uku na numfashi, ana juyawa. Matan uku na can baya nesa kaɗan, malaman sun ja gyale sun rufe kai, Bibi Inga ta riƙe wa babbar hannu. Sandar na ƙwanƙwasa dutse, shahada na tafiya, wayar Usi na ruri.

Sai da suka fito bakin masallacin Malindi sannan garin ya tuna kansa. Masu alwalar La'asar suka gani, suka taso da ruwa a gemu, hannuwa ashirin, talatin, makarar ta tashi daga kafaɗunsu ta shige ciki. Usi ya tsaya hannunsa na hagu ya mutu. Anders ya miƙe a hankali, ƙashin bayansa na ƙara, ya ɗaga agogo ba tare da an tambaye shi ba. Huɗu saura minti takwas. Daga nan zuwa gada, da gwiwar nan, rabin awa ne da ɗoriya.

Ya ciro wayar.

"Kana ina?" Muryar Zuwena a kwance take, abin da ya fi faɗa muni.

"Malindi."

"Malindi." Ta maimaita. "Me ka kai su gani a Malindi, Baba?"

"Gawa muka rako."

"Ta wa?"

"Ban tambaya ba."

Ya ji ta ja numfashi. Ta ce masu kwale-kwalen ba za su ƙara ko minti ba, an gaya musu daga sama. Ƙarfe biyar jirgi zai ɗaga, in mutanen nan huɗu suka kwana a Unguja, kayansu da magungunansu na cikin jirgi, ita ta san inda za ta sa kanta.

Vuai na tsaye kusa yana goge wuya da hularsa, ya ji rabin maganar.

"Mzee, baƙin nan na farin jirgin can ne?"

"Nasa ne. Kafin mu kai, kwale-kwalensu ya tafi."

"To namu bai tafi ba. Ga shi can bayan kasuwar kifi."

"Sallar ɗan'uwanka fa?"

"Masallaci ya cika, an ɗauke mana. Sai an idar da La'asar, a sallace shi, a nemo mota. Zan riske su a maƙabarta." Ya kalli Anders daga sama har ƙasa. "Marigayi Ame ba zai yi fushi ba. Shekara ashirin muna fita ruwa tare, kullum shi ake jira."

Usi ya mai da wayar kunne. "'Yata, kira mutanen jirgin. Ki ce su bar ƙaramar ƙofar nan ta gefen ruwa a buɗe. Ina kawo musu baƙinsu da kaina."

"Da me?"

"Da abin da aka saba zuwa jirgi da shi tun kafin a haifi ubansu."

Ruwa ya ja baya, sai an taka laka kafin a kai ga kwale-kwalen. Bibi Inga ta cire takalma ta riƙe a hannu ta shiga kamar 'yar masunta. Babbar malamar ta tsaya a bakin lakar tana kallon sandarta. Usi da Vuai suka sarƙe hannuwa suka yi mata kujera.

"Ina da nauyi fa," ta ce.

"Mama, yau mun ɗauki wanda ya fi ki, kuma shi bai yi mana magana ba."

Ƙanwar ta toshe baki da gyale. Kwale-kwalen duk ƙarnin ƙananan kifi ne da man inji, suka zauna a kan raga. Vuai ya ja igiya sau uku injin ya yi tari ya mutu, a na huɗu ya kama. Usi ya tsaya a goshin kwale-kwalen yana nuna hanya da hannun da ke aiki, ko da yake Vuai ya san hanyar, jirgin kuma ko makaho ya san inda yake.

A tsakiyar ruwa Anders ya taɓa shi. Ya yi magana a hankali don Usi ya gane. Ya ce shi ma ɗan tsibiri ne, ƙarami, can arewa. A wurinsu mutum shida ke ɗaukar akwatin mamaci. Bara yayansa ya rasu, suka nemi maza shida masu ƙarfi a tsibirin aka samu huɗu, duk samari sun tafi birni. Sai a kan keken tura kaya aka kai shi.

"Ni na tura," ya ce.

Usi ya fassara wa Vuai. Vuai ya gyara riƙon sitiyarin inji. Can ya ce, "Ka gaya masa ya iya. Tsawon ne kawai."

Jirgin ya taso musu kamar bango. Ana ta janye kwale-kwalensa sama da igiyoyi, amma ƙaramar ƙofar a buɗe take, ga wani hafsa cikin fararen kaya ya haɗe rai yana kallon agogo. Ma'aikata suka miƙo hannu aka ɗaga malamar, aka ɗaga ƙanwarta, Bibi Inga ta hau da laka har ƙauri. Anders ne na ƙarshe. Ya kama hannun Vuai, ya kama na Usi ya riƙe, ya tambayi sunan mamacin. Aka ce Ame. Ya maimaita sau biyu, ya shiga. Aka rufe ƙofa.

Vuai ya sauke Usi a gada ya juya da sauri. Wurin ya watse, sai Bi Zuwena kaɗai zaune a kan wani turken ƙarfe, wayoyinta a cinya. Jirgin ya yi kuka mai tsawo, ya fara juya hanci.

Usi bai jira ta tambaya ba. Mutum irinsa ba a cire masa abu a wuya. Ya cire katin da hannun dama, ya miƙa. Ta karɓa ta ɗora a kan takardunta.

"Hafsan ya ce zai rubuta," in ji ta.

"Ya rubuta. Sun shiga ko ba su shiga ba?"

"Sun shiga suna warin kifi." Ta kalli jallabiyarsa, laka har gwiwa, kafaɗar hagu ta yi baƙi da dattin itace. "Baba, taku goma ake yi. Kowa ya yi taku goma ya koma harkarsa. Kai me ya kai ka har Malindi?"

"Ba mai karɓa."

"Kamar yaya ba mai karɓa? A ina kuka haɗu?"

"Hurumzi."

"A Hurumzi ba mai karɓa?"

"Mutum biyar suka taho da shi tun daga bakin ruwa. Ni na shida. Baturen na bakwai."

Zuwena ta kalli katin da ke kan takardunta. A Hurumzi aka haife ta. Ranar da aka fito da mahaifinta tana leƙe ta tagar bene, ba ta ga ƙasar layin ba don fararen huluna. Gidan nasu ma yanzu otal ne, ita da 'yan'uwanta suka sa hannu.

Ta juya katin, ta sake juya shi. Jirgin ya yi nisa har ya fara ƙanƙancewa.

"Zan kira wakilinsu da kaina kafin takardar hafsan ta isa," ta ce. "In sun ga dama su ji, in ba su ga dama ba akwai wasu jiragen. Amma ni da kai mun gama maganar agogo. Ranar Alhamis akwai jirgi. Ka ɗauke su da safe, ka zaga da su, ka kai su wurin Bi Tatu. Ƙarfe uku ni zan zo da ƙafata in karɓe su in kawo gada. Daga uku zuwa sama ba ruwanka da baƙona."

"Wato rabin mai rakiya."

"Rabin da baƙi ke so."

"In kuma kin haɗu da makara a hanya?"

"Ni mace ce, Baba, zan hau dakali." Ta miƙo masa katin. "Ka kuma gaya wa samarin nan nawa yadda ake shiga a karɓa. Rabinsu ba su taɓa yi ba. Su goma ne, kullum suna cikin lungunan nan."

Usi ya so ya rataya katin da hannu biyu kamar yadda ya saba, na hagun ya ƙi tashi. Zuwena ta miƙe ta saka masa, ta gyara igiyar a bayan wuyansa.

"Ka je a duba kafaɗar nan."

"Wannan? Wannan kafaɗar ta ɗauki buhun kanumfari daga nan har..."

"Baba, La'asar na wucewa."

Ya kalli rana, ya ga gaskiyarta. Ya tattare jallabiyar da ta yi nauyi da laka, ya gangara matakalar gada zuwa bakin ruwa don ya wanke ƙafafunsa.